Uganda ko Cyprus ta Arewa? Amsa ga Kawu Alhaji na Ringim

Kawu Alhaji, Allah ya ƙara girma. Batun 'yar wajenka da ta kafe sai Uganda za ta karanta aikin lauya, dangi kuma suna cewa Cyprus ta fi suna: yarinyar nan ta fi su hangen nesa. A bar ta ta tafi Uganda.

Makarantar da take nufi, Jami'ar Musulunci ta Uganda, ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC ce ta kafa ta, aka buɗe ta a garin Mbale a 1988. Tana da reshe na mata zalla a Kabojja, gefen Kampala, ga masallaci ga ɗakin kwana a ciki, ba mai yi wa hijabinta kallon baƙo. Da Turanci ake koyarwa, kuma dokokin Uganda da namu tushensu ɗaya, Ingila, don haka in ta dawo sai ta shiga Makarantar Lauyoyi ta Bwari, ta fara da zangon farko na waɗanda suka yi karatu a waje. Yaranmu da suka je kan ba da labarin daren farko: an ɗora musu faranti an ce "posho" ne, sun kai loma sai suka ji tuwon masara ne da wake. Yarinyar da ta tashi a karkarar Jigawa ba za ta rame a can ba. Muna da ofishin jakadanci a Kampala in wani abu ya taso.

Abin da za a tanada: fasfo, katin rigakafin shawara mai ruwan ɗorawa, don ana neman sa a filin jirgin Entebbe, sai biza ta intanet, in ta isa makaranta ta nema mata izinin zaman ɗalibi. Inda ake tuntuɓe shi ne takardar WAEC ko NECO. Sakandarensu tana ƙarewa ne da babbar jarrabawa mai mataki sama da tamu, shi ya sa hukumar jarrabawarsu ta UNEB take auna takardar baƙo, kuma sau da yawa sai an yi shekarar share fage. A sa kuɗin wannan shekarar cikin lissafi tun yanzu, tunda kuɗin riɗi sau ɗaya yake shigowa, makaranta kuwa kowane zango take karɓa. A kuma tambaya a rubuce ko kwas ɗin nata yana reshen Kabojja.

Cyprus ta Arewa kam gine-ginen da kyau, iyakar abin da zan ce ke nan. Turkiyya kaɗai ta amince ƙasa ce, jirgi sai ta Turkiyya, ba mu da jakada a can, kuma a 2020 shugabar hukumar 'yan Najeriya mazauna waje, Abike Dabiri-Erewa, ta gargaɗi iyaye kan tura 'ya'ya can.

Kawu, ka yi hattara da dillalai. Duk wanda ya zo maka da "an ba ta rangwamen rabin kuɗi, a biya kafin Juma'a", ko ya ce a tura ta asusunsa, ka sallame shi. Kuɗi asusun jami'a kaɗai yake shiga. Kafin a taɓa buhu ko ɗaya, a aika wani ɗan uwa Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja ya tabbatar suna karɓar takardar makarantar, don a Janairun 2024 sun dakatar da tantance digirin Benin da Togo, yara da yawa suka rasa shiga bautar ƙasa.