Gidan abincin ɗalibai a Birnin Kebbi: tuwo ya yi, amala da saura

A bangon shiga akwai baƙin allo da ake rubuta abincin ranar da alli, kuma kusan kowace miya suna biyu gare ta. Lalo na layi ɗaya da ewedu, miyar wake na tare da gbegiri, kuɓewa da guro, yakuwa da sure. Biyun farko don 'ya'yan Yarabawa aka yi su. Biyun ƙarshe kuwa tsakanin Hausawa ne su ya su, domin yarinyar da ta tashi a Zariya ba lalle ta san guro ba ranar da ta sauka Birnin Kebbi. Gidan abincin na cikin gari ne, ba mallakar wata makaranta ba, amma kusan duk masu cinsa ɗalibai ne, kuma 'yan jami'a mai zaman kanta su suka fi yawa a masu biyan kuɗin wata.

Ba mamaki a ga irin wannan cakuɗa. Jami'o'in tarayya kashi uku suke raba gurbin karatu: 45 cikin ɗari bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke kewaye da makarantar, 20 ga jihohin da aka bari baya a boko. Jami'a mai zaman kanta ba ruwanta da wannan rabon. Wanda ya cika sharuɗɗan JAMB da na makarantar, iyayensa kuma suka iya biya, ya shiga, ko daga ina ya fito. A 2023 aka ba sababbin jami'o'i masu zaman kansu 37 lasisi, Rayhaan ta Birnin Kebbi da Huda ta Gusau na cikinsu. Ita kanta Kebbi dama ba harshe ɗaya ba ce: ga Kabawan Argungu, ga Fulanin Gwandu, ga Dakarkarin Zuru, Gungawa da Kambari daga Yauri, Zabarmawa da Dandawa daga wajen Kamba. A ƙara da 'ya'yan ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu, da masu tsallakowa daga Gaya da Dosso na Nijar. Duk waɗannan bakunan ne ake son tukwanen gida ɗaya su gamsar.

Inda gidan ya fi ƙarfi shi ne tuwon shinkafa. Ɗanyar shinkafa 'yar gida suke amfani da ita, ba 'yar gumi ba, don wadda aka turara ba ta narkewa ta kama jikinta. Ana jiƙa ta awa biyu zuwa uku, a zuba kofi ɗaya na shinkafa a kofi uku na ruwa, a bari ta nuna luguf har ruwan ya tsotse, sannan a tuƙa da muciya. Bayan tuƙin farko ana rufewa a rage wuta ya sulala kamar minti goma, a sake tuƙawa. Wannan tuƙi na biyu shi ne wanda masu gaggawa ke tsallakewa, sai su ɗaure tuwon da garin rogo don ya yi auki. Gane hakan ba wuya: tuwon da aka ɗaure da rogo yana danƙo a hannu, in ya huce kuma ya sandare. Na gidan nan yana gutsuruwa salin alin, ko ya yi awa ɗaya a kwano. Kilo ɗaya na ba su malmala shida zuwa bakwai, kuma malmala biyu na isar saurayi mai ci.

Miyar kukarsu ma ba ta da gudaji, saboda ana tankaɗe kukar tukuna, a rage wuta, a riƙa barbaɗawa da hannu ɗaya ana kaɗawa da maburgi da ɗayan. Romon da bandar kifi ake haɗa shi, da daddawa da albasar Aliero, kanwa kuma ɗan kaɗan. In kanwa ta yi yawa miya na ɗanɗanon sabulu, ta kuma ɓata cikin wanda bai saba ba. A garin da ke da Argungu a arewa da Yauri a kudu, rashin kifi mai kyau abin kunya ne, kuma gidan bai ji wannan kunyar ba. Farfesun tarwaɗarsu ba ya ƙarni don ana watsa mata ruwan zafi a kankare yauƙin kafin ta shiga tukunya.

Shinkafa dafa-duka kuwa an warware mata wata tsohuwar gardama cikin hikima. Abin da ɗan Arewa ke kira dafa-duka, da manja da daddawa da busasshen kifi, ba shi ne jalof ɗin da ɗan Legas ke nufi ba, wanda sai an soya tumatir da tattasai sun tsane, an kuma bar ƙasan tukunya ya ɗan kama don ƙamshin ƙaurin nan. Maimakon a yi wani abu tsaka-tsaki da ba zai yi wa kowa daɗi ba, sai suka raba kwanaki: yau wannan, gobe wancan. Shinkafar ta injinan jihar ce, irin ta Labana da ke Birnin Kebbi da ta kamfanin WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017, ba tsakuwa, ba sai an rege ba. In ana awon giram 140 a faranti, buhu mai kilo 50 zai ba da faranti kusan 350, kuma awon gidan bai yi ƙasa da haka ba.

Sai amala, inda gyara yake. Matsalar biyu ce. Ta farko garin: amalar da Bayarabe ya fi sani ta garin busasshiyar doya ce, shi ya sa take fitowa ruwan ƙasa. Wadda ake yi da alabon rogo fara ce, sunanta ma daban, lafun. Gidan na gauraya biyun ya kira su amala. Ta biyu hannun mai tuƙin: ana yi mata talge kamar tuwon dawa. Amala ba ta son talge. Ruwa ake tafasawa, a sauke ko a rage wuta sosai, a zuba garin a tashi ɗaya ana juyawa da sauri ana jawowa jikin tukunya har ta haɗe, sannan a yayyafa ruwan zafi a rufe minti biyu zuwa uku, a sake tuƙawa. Da talge sai ta fito caɓe, ba ta miƙewa. Ewedun ma ana daɗe da shi a wuta, ga shi a rufe, sai korensa ya dushe yauƙin ya mutu. Minti biyar a buɗe ya ishe shi. Kuma daddawa suke sakawa a maimakon iru, wato daddawar Yarabawa. Gaskiya ne duka biyun daga kalwa suke, 'ya'yan ɗorawa, amma iru ana barinsa da ƙwayarsa da danshinsa, daddawa kuwa an kirɓa ta an busar, ƙarfinta ya fi, sai ta danne ganyen. Wannan abu ne da kwana uku na koyo a hannun wata Iya daga cikin Yarabawan garin zai kawar. Abin na damunmu ne don yaron da ya yi tafiyar yini guda daga gida, abincin gidansu ne kaɗai abin da zai iya taɓawa ya ji kamar bai yi nisa ba. Teba dai an kyauta mata: akwai farin gari mai tsami, akwai ja mai manja, kuma ana tambayar mutum wanda yake so.

Akwai abu biyu da suka shafi lafiya, kuma sun fi maganar ɗanɗano nauyi. Na farko gyaɗa. Tana cikin miyar taushe, tana cikin yajin da ake barbaɗa wa nama da ƙosai, tana cikin kwaɗon zogale wanda Zabarmawa ke kira kopto, ga man suya. Ɗan gida ya san wannan tun yana goye. Baƙon da jikinsa ba ya karɓar gyaɗa ba zai taɓa zaton jan garin da ke gefen farantinsa ƙuli-ƙuli ne aka daka da barkono ba. Allon da ya iya ɗaukar suna biyu zai iya ɗaukar alama ɗaya a gaban duk abin da ke da gyaɗa.

Na biyu shinkafar da ke wuni a kula tun hantsi. Daga Maris zuwa Mayu zafin Birnin Kebbi na haura digiri 40. Dafaffen abinci sai dai ya zauna sama da digiri 60 ko ƙasa da 5; a tsakani kuwa, in gari ya yi irin wannan zafin, awa ɗaya ce iyakarsa. Kula cikakkiya a rufe na riƙe zafi, amma wadda ake buɗewa duk bayan minti biyu ba ta riƙe komai. Shinkafa na da wata ƙwayar cuta, Bacillus cereus, da dahuwa ba ta kashe irinta. In abincin ya yi ɗumi-ɗumi sai ta farfaɗo ta saki dafi, kuma ɗumame ba ya karya dafin. Amai kan zo cikin awa ɗaya zuwa shida. Gidan na dafa shinkafar yini a tashi ɗaya da safe, alhali raba ta biyu, tukunyar hantsi da ta azahar, ba zai ci musu komai ba sai ɗan gas. Kafin su gyara, ɗalibi ya ci shinkafa kafin ƙarfe biyu, da dare ya nemi tuwo, wanda sabo ake tuƙawa bayan la'asar.

Lokacin azumi ne gidan ya fi nuna ya san mutanensa. A 2025 Ramadan ya kama ranar 1 ga Maris, azumin Kiristoci na kwana 40 kuma ya fara ranar 5 ga watan, suka tafi tare. Tsarin gidan na ɗaukar duka biyun. Ana sahur tun kafin asuba, da magariba ga kunu da ƙosai da dabino. Da rana ana sakin labulen ƙofa, a ɗora ƙaramar tukunya don wanda ba ya azumi, ko Kirista ne, ko marar lafiya, ko mace mai uzuri, kuma ba a tambayar kowa dalili. Ranar Juma'a ana tabbatar da akwai kifi, saboda 'yan Katolika ba sa cin nama a Juma'o'in azuminsu.

Wurin zama dogayen benci ne da tebura masu cin mutum takwas, don haka ba yadda za a yi kowa ya keɓe da 'yan garinsu. A tebur ɗaya za ka ji Sakkwatanci, mai cewa hura da mai cewa fura suna tsokanar juna, ga Dakarci, ga Zabarmanci da ɗan Faransanci a ciki, ga Turancin buroka yana haɗa sauran. Mata na da ɓangarensu ga mai so, ba dole. Mai gidan 'yan gari Inna suke ce mata, 'yan Kudu su ce Mama, ita kuma kowa "ɗiyata" ne ko "ɗana". Abin da ya rage kyan wurin shi ne robar wanke hannu ɗaya da kowa ke tsomawa. A wurin da ake cin tuwo da teba da hannu, duro mai famfo da sabulu ake bukata, da bokiti a ƙasa yana tarar ruwan.

Katin wata shi iyaye suka fi sha'awa, don kuɗin abinci ba ya bi ta hannun yaro ya koma kuɗin data. Sai dai da kwana ake lissafa shi, ba da faranti ba. Ɗalibin da ya tafi Zuru bikin Uhola, ko ya kwanta jinya mako guda, kuɗinsa ya tafi. Da kati ne mai faranti 60 da ake hudawa duk ci ɗaya, da ba wanda ya cutu. Mai niyyar biya ya tambayi abu uku kafin ya tura kuɗi: ko nama da kifi na cikin farashin, ko ana ɗage kwanakin tafiya in an sanar tun da wuri, da kuma abin da zai faru in an rufe makaranta a tsakiyar wata. Ya sa a rubuta amsar a bayan katin da sa hannun Inna, ya ɗauki hotonsa a waya ya tura gida.