Ningyo no Mori da Ningyo no Kizu: wanne ya kamata a fara kallo?

A tatsuniyoyin Japan, wanda ya ci naman ningyo, 'yar ruwa mai jikin mace da jelar kifi, ba zai tsufa ba. Har yau a garin Obama na lardin Fukui akwai kogon da ake danganta wa Yao Bikuni, matar da aka ce ta ci naman ta shekara 800. Daga nan Rumiko Takahashi, mai zana littattafan labari ta Japan, mai Ranma ½ da Inuyasha, ta ɗauko labarin da ta fara zanawa a 1984, wanda daga shi aka yi finafinan Ningyo no Mori da Ningyo no Kizu. Wanda ya saba da barkwancinta kada ya zo nan neman dariya.

Naman guba ne. Yawancin waɗanda suka ci ko dai su mutu nan take, ko su rikiɗe su zama dodon da ake kira narisokonai: idanu sun firfito, jijiyoyi sun yi ruɗu-ruɗu, hankali ya gushe, mutuwa kuma ta ƙi zuwa. Ɗaiɗaiku ne naman ke karɓa. Irinsu ko an soke su, ko mota ta take su, sai su farfaɗo raunin ya rufe, amma zafin ba ya raguwa ko kaɗan. Sare kai ne kaɗai ke gamawa da su.

Yuta, jarumin labarin, masunci ne, ya ci naman shekara 500 da suka wuce tare da abokan sana'arsa, shi kaɗai ya tsira. Ya yi aure, matar ta tsufa a gabansa ta rasu yana nan saurayi. Mana kuwa, abokiyar tafiyarsa, wasu tsofaffin mata ne suka rene ta da mari a ƙafa har ta kai shekara 15, don wata manufa tasu.

Sau uku aka mai da labarin anime, wato fim ɗin zane na Japan. Ningyo no Mori na 1991 da Ningyo no Kizu na 1993 duk a bidiyo suka fito, kowanne bai cika awa guda ba. Sai jerin talabijin na 2003 daga kamfanin TMS Entertainment mai kashi 13.

Na 1993 ya fi duka, kuma da nisa. Kamfanin Madhouse ne suka zana, Morio Asaka ya ba da umarni. Labarin wani yaro ne, Masato, da matar da yake kira mama a wani gida na bakin teku, kullum ɗayansu da rauni a jiki. Mai kallo zai yanke hukuncin wane ne azzalumi tun farko, daga baya ya gane ya yi gaggawa. Ƙarfin fim ɗin yana wurin shiru: fuskar yaron ba ta motsi ko da jini ya malale a daɓe, muryarsa kuma a sanyaye kamar yana tambayar abinci. Tsoron da ke ciki na mutumin da ya daɗe ƙwarai ne har mutane suka zame masa kayan amfani, in wannan ta lalace ya nemo wata. Dodon ma in ya fito tausayi yake bayarwa.

Na 1991 labarin tagwaye ne, Towa da Sawa. Ɗaya ta tsufa tukuf, ɗayar an ba ta jinin 'yar ruwa tana budurwa, fuskarta ta tsaya cak amma gashinta ya yi fari fat, hannunta ɗaya ya zama na dodo. Labarin yana da daɗi, sai dai zanen bai kai na Madhouse ba, kuma haɗuwar Yuta da Mana ba ta samu isasshen wuri ba. Wanda ya fara da shi zai yi ta tambayar ina yarinyar nan ta fito.

Nan jerin 2003 ke da amfani. Kashi na 1 shi ne asalin haɗuwar, don haka a kalle shi tukuna, sannan na 1991, a rufe da na 1993. Aibin jerin shi ne an rage jini saboda dokar tasha, launin kwamfuta kuma ya yi haske fiye da kima, duhun da labarin ke buƙata ya tafi. Kashi biyu na ƙarshe, da suka sake ba da labarin Masato, a faifan DVD suka fito. A talabijin kashi 11 kawai aka nuna, a duba kafin a saya.

A zaɓi muryar Jafananci da fassara a ƙasa, don Koichi Yamadera da Minami Takayama sun riƙe muryoyin Yuta da Mana sosai. Tsofaffin biyun an zana su ne don allon 4:3, in aka baje su suka cika faffaɗan allo fuskoki sai su kumbura. Kwafi da yawa daga kaset aka juyo su, wuraren dare kan dushe, sai a ɗan ƙara hasken allo. Kuma duk da zane ne, akwai sara da suka da tsiraici, ba na kunna wa yara a falo ba ne.