Meeting Guide: manhajar da ta hutar da ni tambayar mutane

Shekara bakwai ina tuƙin tasi a New York, huɗu daga ciki da kwalba a ƙarƙashin kujera. Duk wanda ya san zaman Bronx ya san yadda muke: 'yan Ghana, 'yan Nijar, 'yan Najeriya, masallaci ɗaya, gidan tuwo ɗaya, kowa ya san kowa. Idan ka yi tari da safe, kafin Magariba an ji a Kumasi. Wa zan tara in ce masa, "Alhaji, ina masu son barin giya suke taruwa?" Wannan tambayar ce ta riƙe ni wata da watanni.

Wata ma'aikaciyar jinya ce ta nuna mini Meeting Guide ranar da za a sallame ni daga asibiti. Manhaja ce ta ƙungiyar masu taimakon juna wajen barin giya, Alcoholics Anonymous, wadda aka fi sani da AA, da Bill Wilson da Dakta Bob Smith suka fara a garin Akron na jihar Ohio a 1935. Kyauta ce, tana kan Android da iPhone. Tambarinta farar kujera ce a kan shuɗi, babu hoton kwalba, don haka ko abokin aiki ya ari wayata ba zai gane komai ba. Ba ta nemi sunana ba. Da na buɗe, sai ta jero tarukan da ke kusa da ni, da lokacin farawa da adireshi da nisa.

Ni kuwa kusancin nan shi nake gudu. Sai na rubuta wata unguwa can cikin Brooklyn, tafiyar kusan awa guda a jirgin ƙasa, inda na tabbata ba zan haɗu da ɗan'uwa ba. Nan ta fi burge ni. Kana iya zaɓar rana da lokaci, ko taron maza zalla, ko na sababbin shiga, ko na intanet. Mai aikin dare irina yana samun na sassafe bayan ya ajiye mota. Tana kuma nuna buɗaɗɗen taro, wanda kowa zai iya zuwa har dangi, da rufaffe, na masu son daina sha kawai.

Taron farko a ƙasan wani coci aka yi. Na daɗe tsaye a bakin ƙofa, gabana na faɗuwa, ina tunanin me ya kawo ɗan Musulmi nan. Ashe haya kawai suke biya. Kujeru, shayi da kofi, mutum kamar ashirin. Kowa sunansa na farko yake faɗa. Aka zagaya da kwando ana jefa dala ɗaya ko biyu, don ba sa karɓar kuɗin waje. Ban sa komai ba, babu wanda ya kalle ni. Da aka ce masu ƙirga kwanakin da suka yi ba su sha ba su faɗa, na ce kwana tara, muryata na rawa. Suka tafa. Rabon da a tafa mini tun ina firamare.

Sai dai akwai abin da manhaja ba za ta gaya maka ba. Wasu tarukan ana rufe su da addu'ar Kiristoci, a riƙe hannun juna. Ba a tilasta wa kowa; ni nakan yi shiru in karanta Fatiha a zuci. Matakai 12 da suke bi don barin sha suna maganar miƙa al'amari ga Allah yadda mutum ya fahimce Shi, wannan bai yi mini nauyi ba, amma sai da na zagaya wuri huɗu kafin na samu inda hankalina ya kwanta. A nan wani dattijo baƙar fata ya ba ni labarin Millati Islami, ƙungiyar Musulmi da ta faro a Baltimore a 1989, mai bin irin waɗannan matakai da ayoyi da hadisai. Nasu nake shiga ta Zoom, na AA kuma ido da ido. Ban samu taro da Hausa ba, kuma mai ƙarancin Turanci zai sha wuya a makonnin farko, don mutanen nan idan magana ta ci su ba sa jiran kowa.

Sau ɗaya na je na tarar da ƙofa a kulle, masu taron sun canja wuri ba su sanar ba. Na ciro waya, na samu wani bayan minti 40.

Wanda ya daɗe yana sha kullum kada ya yanke lokaci guda shi kaɗai a ɗaki. A kwana na biyu zuwa na uku jiki na iya kama rawa, a yi gane-gane, har farfaɗiya, kuma tana kisa. Abin da ya kwantar da ni asibiti ke nan. Likita tukuna, sannan taro.

Yau wata 14 ban sha ba. Har yanzu Brooklyn nake zuwa, kodayake manhajar na nuna mini wani taron da bai wuce layi uku daga gidana ba.