Tarihin rayuwar Mandela ko na Malcolm X, wanne za ka fara karantawa?

Ni dai duka biyun na karanta, kuma gaskiya ba irinsu ɗaya ba. Na Mandela, Long Walk to Freedom, ya fito 1994, littafi ne mai kauri sosai sai ka yi haƙuri da shi, yana tafiya a hankali kamar dattijo na ba ka labari, shekara 27 a kurkuku, 18 daga ciki a tsibirin Robben suna fasa dutse hasken farar ƙasa har ya lalata mai ido, amma ba za ka ji ɗaci a bakinsa ba.

Na Malcolm X kuwa, ɗan gwagwarmayar baƙar fata na Amurka, wuta ne. Marubuci Alex Haley ya ba wa labarin, littafin ya fito 1965 bayan an harbe Malcolm. Inda ya fi taɓa ni shi ne lokacin da yake gidan yari yana kwafe ƙamus da hannunsa kalma bayan kalma, da dare kuma ya zauna a ƙasa yana karatu da ɗan hasken da ke shigowa ta ƙofa. Sai kuma aikin Hajjinsa na 1964 da ya canza mai tunani kan farar fata.

In ba ka saba dogon karatu ba fara da Malcolm, wallahi ba ka iya ajiye shi.