Sabon rimot na mota: ka saita da kanka ko ka kai wa mai na'ura?

Wani ɗan uwa daga Unguwar Sanusi ya ajiye mana tambaya. Yana da Corolla 2006 'yar Amurka, makulli ɗaya da rimot ɗaya aka ba shi ranar da ya saye ta, yanzu rimot ɗin ya sha wanki a aljihun wando ya daina aiki. Ya ga ana sayar da irinsa, ya kuma ji ana cewa mutum zai iya haɗa shi da mota ba tare da ya biya kowa ba. Ya gwada, ko ya kai wa masu na'ura?

Malam, amsar ta rabu biyu, domin abin da ke rataye a zoben makullinka ma biyu ne, kuma ba ruwan wani da wani. Rimot aikinsa ƙofa kawai: ka danna, ya aika saƙon rediyo, ƙofofi su kulle ko su buɗe. Abin da ke ba injin izinin tashi daban ne, wata 'yar ƙwaya ce da ake kira cip, tana ɓoye cikin baƙar robar kan makulli. Ba ta da batir. Zoben waya da ke kewaye da ramin makulli shi ke tashe ta ya karanta lambarta, in imobilaiza, wato abin tsaron da ke hana injin tashi da baƙon makulli, bai gane lambar ba sai ka ji sitata tana juyawa amma injin ya ƙi kamawa. Rimot a motarka za ka iya saita shi da hannunka cikin minti biyu. Cip kuwa sai da sharaɗi, a mafi yawan motoci ma sai da na'ura. Yawancin kuɗin da mutane ke asara a wannan harka daga rashin raba waɗannan biyun ne.

Kafin ka sayi komai, buɗe tsohon. Cire batirin, goge allon da ke ciki da sifirit da tsohon buroshin haƙori, bar shi ya bushe kwana guda, sa sabon batir mai lamba irin ta tsohon. Irin waɗannan batura volt 3 ne, lambar tana rubuce a bayansu, CR2016 ko CR2032 ko CR1616, kuma girmansu ya bambanta, kada a ce maka duk ɗaya ne. Rimot da yawa da aka yanke wa hukuncin mutuwa datti ne da tsatsa a ƙarƙashin maɓalli. In kwanson ne ya fashe, kwanso kaɗai za ka saya ka mayar da tsohon allo ciki, ba sai an saita komai ba.

In kuwa ya mutu da gaske, to wurin saye ake fara faɗuwa. Kamannin kwanso ba hujja ba ne. Motocin da aka ƙera wa kasuwar Amurka rimot ɗinsu yana magana a kan megahaz 315, na Turai kuwa 433, kuma a Kaduna duka biyun suna yawo, ga 'yan Amurka ga 'yan Beljiyam. Juya bayan tsohon rimot ɗinka za ka ga rubutu da ya fara da FCC ID. Na Corolla 'yar Amurka daga 2003 zuwa 2008 lambar ita ce GQ43VT14, ita ce kuma a Camry 2002 zuwa 2006 da ake kira Big Daddy. Da wannan lambar za ka shiga Panteka ko shagon masu makulli, ba da sunan mota ba. Sannan ka tabbata rimot ɗin na kamfani ne. Motoci da yawa an sa musu sakuriti na kasuwa bayan sun sauka, da akwatinsa a ƙarƙashin dashbod da nasa rimot. In irin wannan ne a motarka, duk matakan da ke ƙasa ba za su yi komai ba, mai wayarin ne zai nemo maɓallin koyarwa a jikin akwatin.

Ga yadda ake yi a Corolla irin taka. Zauna a kujerar direba, ƙofarka a buɗe, sauran a rufe, makulli a hannu, ba a kulle komai ba. Sa makulli a raminsa ka zare, sau biyu, cikin daƙiƙa 5, ba tare da ka murɗa ba. Rufe ƙofar direba ka buɗe, sau biyu. Sa makulli ka zare sau ɗaya. Sake rufe ƙofar ka buɗe sau biyu. Yanzu sa makulli ka bar shi a ciki, rufe ƙofa, murɗa zuwa ON ka dawo LOCK sau ɗaya, ba tare da ka tada injin ba, sannan ka zare. Kowane zango yana da iyakar daƙiƙa 40, saboda haka ka haddace matakan tukuna, ba a yi ana leƙa waya. In mota ta karɓa, ƙofofi za su kulle su buɗe da kansu sau ɗaya. Nan take danne maɓallin kullewa da na buɗewa tare na kusan daƙiƙa ɗaya da rabi, ka saki, cikin daƙiƙa 3 ka danna na kullewa shi kaɗai. Ƙofofi suka motsa sau ɗaya, ya shiga. Suka motsa sau biyu, an ƙi shi. Buɗe ƙofa ka fita daga tsarin.

Lura da murɗawar nan ta ON. Sau ɗaya na nufin ƙara sabo a kan waɗanda ke akwai. Sau biyu na nufin goge duka a fara daga farko, wanda shi ne abin da ya dace in ɓata rimot ya yi ba lalacewa ba, don kada wanda ya tsinta ya riƙa buɗe maka mota a bakin kasuwa. Sau biyar kuwa gogewa ce zalla, ba ƙari. Motar tana riƙe rimot huɗu.

Abin da ya fi hana wannan aiki tafiya ba hannun mai yi ba ne, motar ce. Ƙwaƙwalwar mota ba ta ganin kana rufe ƙofa, wani ɗan maɓallin roba da ke jikin ginshiƙin ƙofar direba ne ke gaya mata, wani kuma a cikin ramin makulli yana gaya mata an sa an zare. A tsohuwar mota da ta sha ƙurar hunturu da wankin injin ruwa, ɗayansu yakan mutu ba wanda ya kula. Gwajin mai sauƙi ne: bar makulli a rami ka buɗe ƙofar direba. In ka ji ƙarar gargaɗi kuma fitilar ƙofa ta kama a dashbod, duka biyun suna da rai. In shiru, ko ka maimaita matakan sau hamsin ba za ta amsa ba. Haka in maɓallin kulle ƙofofi na jikin ƙofa ba ya aiki, fara duba fis da injin kulle ƙofar. In kuwa mota ta shiga tsarin lafiya amma tana ƙin rimot, to ko lambar ba daidai ba ce, ko batirin da ya zo da shi ya yi sanyi a shago.

To yanzu mu jera hanyoyin biyu. A gida, kuɗin rimot kawai za ka kashe, kuma mafi munin abin da zai faru shi ne ka goge tsohon rimot bisa kuskure, ka sake shigar da shi ta hanya ɗaya. Injin ba zai ƙi tashi ba saboda wannan. Amma makaho kake: in ya ƙi, ba ka da abin da zai nuna maka ko rimot ɗin na fitar da saƙo, ko a kan wane mita yake, kuma mai shago ba lallai ya karɓi kayan da aka buɗe ba. Mai na'ura zai caje ka kuɗin aiki, amma kafin ya taɓa motar zai ɗora rimot a kan abin gwaji ya ga 315 ne ko 433. Da yawansu ma ba sa neman na kamfani, suna da rimot gama-gari irin na Xhorse ko KeyDIY da suke zuba wa bayanan motarka. Waɗannan suna aiki, sai dai nisan da suke kaiwa da ƙarfin kwansonsu ba kullum suke kamo na asali ba. A ra'ayinmu, a kan rimot kaɗai na Corolla 2006, biyan kuɗin aiki ɓarna ce muddin ka sami lambar daidai.

Inda ma'aunin ya karkata shi ne maganar da ka yi a wuce, cewa makulli ɗaya gare ka. Wannan ya fi rimot ɗin zama abin damuwa. Duba ƙarfen makullin kusa da roba. Toyota takan buga alama a nan: ɗigo a motocin zamanin taka, harafin G a na wajajen 2010 zuwa sama, H a waɗanda suka biyo baya, kuma kowace alama cip ɗinta daban. Sannan ka kalli fitilar sakuriti da ke ƙyaftawa a dashbod. In ta mutu nan take da ka sa makulli, babban makulli ne a hannunka. In ta tsaya a kunne daƙiƙa ɗaya ko biyu kafin ta mutu, ƙaramin ne, wanda kamfani ya yi don ba wa mai wanki ko mai fakin, kuma da shi ba a ƙara wani makulli. Mai babban makulli a Corolla 2005 zuwa 2008 yana da hanyar hannu: sa makulli ka zare sau huɗu, na biyar ka bar shi, buɗe ƙofar direba ka rufe sau shida, zare, sa sabon da aka riga aka yanka, ka jira kamar minti ɗaya har fitilar ta daina ƙyaftawa. Mai ƙaramin makulli kuwa ya nufi mai na'ura kai tsaye. In makullin nan ɗaya da kake da shi ya ɓace kafin ka yi sifeya, aikin ya tashi daga ƙari ya koma sake saita imobilaiza gaba ɗaya, wani lokaci har da ciro akwatin a sake rubuta ƙwaƙwalwarsa, ga jan mota zuwa gareji. Kuɗin ya ninka.

Masu Honda Accord 2003 zuwa 2007, wato EOD da Discussion Continues, nasu rimot a jikin makulli yake, kuma saitinsa ya fi na Toyota sauƙi. Rufe ƙofofi, murɗa zuwa II, wato ON, danna kullewa cikin daƙiƙa 4, kashe. Sau uku haka. A na huɗu da ka danna ƙofofi za su motsa, sai ka danna kullewa a kowane rimot da kake da shi, ka kashe. Uku take riƙewa. Amma ƙarfen makullin Honda ba haƙora ake yi masa a gefe ba, rami ake sassaƙawa a fuskarsa, injin mai yankan makullin gida ba ya iyawa, cip ɗin kuma ba shi da hanyar hannu ko kaɗan. Sakamakon shi ne makullin da ke buɗe ƙofa daga nesa ya kasa tada mota. Tunda dole ka je a yanka kuma a shigar da cip, bar su su yi duka a zama ɗaya. Camry Muscle ta 2007 zuwa 2011 ita ma cip ɗinta sai an jona kwamfuta ta ramin OBD mai ƙafa 16 da ke ƙarƙashin sitiyari. Akwai masu sayen wayar Mini VCI su sa manhajar Techstream a laftof su yi da kansu, kuma yana yiwuwa, amma don makulli ɗaya wahalar ta fi ribar.

Motar da ake tadawa da danna maɓalli babu zancen gida. Abin kiyayewa a nan shi ne na hannu: rimot ɗin Toyota irin wannan da ya taɓa zama a wata mota a kulle yake da ita, sai an wanke shi da na'ura kafin wata ta karɓa. Peugeot 406, wadda kamfanin PAN mai haɗa Peugeot ya haɗa da yawa a nan Kakuri, tana neman lambar sirri mai haruffa huɗu da ke kan katin da ake bayarwa tare da sabuwar mota, kuma duk makullin da ba a kawo ba ranar saiti ya fita daga lissafi. Abin da mai 406 zai iya da kansa shi ne dawo da tsohon rimot bayan canza batir: murɗa makulli zuwa ON, danne maɓallin kullewa na 'yan daƙiƙu, kashe ka zare.

In ka je wurin mai na'ura, tambaye shi abu ɗaya kafin a yi ciniki: kwafi zai yi ko rajista? Kwafi ya fi sauri, yakan kuma fi araha, ana ɗaukar lambar tsohon cip a zuba a sabo, mota tana ganinsu a matsayin makulli ɗaya. Illarsa sai ranar da ɗaya ya ɓace, domin ba za a iya goge ɓataccen a bar tagwayensa ba. Rajista kuwa kowane makulli da gurbinsa, kuma na'urar za ta nuna adadin makullan da motar ta sani. Motar da aka sayo da makulli ɗaya amma allo ya nuna uku, biyu suna hannun wasu, ka ce a goge su. Tafi da takardun mota, mai aikin kirki zai nema.

Akwai kuma shawarar da za ka ji a gareji, cewa a ɓalle cip daga makullinka a liƙe shi da salatif a jikin ramin makulli, sai kowane ƙarfe da aka yanka ya tada mota. Yana aiki, shi ya sa muke cewa kada ka yarda, domin ƙarfen ɓarawo ma zai tada ta. Kafin ka biya ko sisi, kai tsohon makulli nesa da motar, taku goma ko fiye, ka tada ta da sabon shi kaɗai sau biyu, sannan ka fita ka gwada kowane maɓalli na rimot daga tsallaken titi.