DS3231: ɗan agogon da ya gyara min lokacin Raspberry Pi

Duk mai ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi 3 ko 4 ya san ba ta da agogon kanta, sai ta hau intanet take sanin ƙarfe nawa. To mu da ake ɗauke mana wuta safe da yamma, data ma yau akwai gobe babu, in ta tashi sai fake-hwclock, ɗan shirin da ke cikinta, ya ba ta lokacin da ya ajiye kafin ta mutu, cinikin Laraba ka gan shi a rubuce ranar Talata. Abin da ya sa na sayo DS3231 na maƙala wa ta shagona kenan, kuma wallahi kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Waya huɗu ce kawai ke haɗa agogon da Pi ɗin, 3.3V da GND na wuta, SDA da SCL na saƙo. Ka kunna I2C, hanyar da Pi ke magana da agogon, ka buga umarnin i2cdetect -y 1 zaka ga 68, adireshin agogon, ta fito, sai ka ƙara dtoverlay=i2c-rtc,ds3231 a config.txt, fayil ɗin saitin Pi, ka sake kunna na'urar, in 68 ɗin ta koma UU to ya kama. Ka cire fake-hwclock, ranar da kake da data lokaci ya daidaita ka buga hwclock -w ya shiga cikin agogon. Daga nan hwclock -s ne ke ɗauko lokaci daga agogon ya ba Linux, tsarin da ke tafiyar da Pi ɗin, ka tabbatar yana gudana duk sanda na'urar ta tashi. Ka bar agogon a UTC, wato lokacin duniya, in ka saita tsarin a lokacin Najeriya da kansa zai ƙara awa ɗaya.

Abin da ya fi burge ni shi ne baya gudu baya latti, yana auna zafi da kansa yana gyara bugunsa, a takardarsa kuskuren bai wuce 2ppm (biyu cikin miliyan) ba tsakanin digiri 0 zuwa 40, wajen minti ɗaya kenan a shekara. Wani agogon irinsa, DS1307, ya fi araha amma ba shi da wannan, da zafinmu na Afrilu ban ba ka shawara ba.

Inda nake da ƙorafi batir ne. Shuɗin allon DS3231 mai rubutun ZS-042 yana tura wa batir caji, in ka ba shi 5V alhali batirin CR2032 ne a ciki wanda ba a cajinsa, batirin na iya kumbura, kuma masu sayarwa basa faɗa. Ka tsaya a 3.3V, ko ka cire ɗan diyod ɗin allon da cajin ke bi ta cikinsa.

Mai Pi 5 kam ba sai ya saya ba, da agogonta ta zo, batir kawai zai sa mata.