Tiraka ko makullin sitiyari?

Malam, Allah ya sanya alheri a sabuwar Corolla, ya tsare. Tsakanin biyun da ka tambaya don kare ta daga ɓarayi, tiraka za ka sa, wato na'urar da ake ɓoyewa a mota tana nuna maka a waya inda motar take, kuma irin wadda ake kashe mota da ita daga waya.

Ni tawa ta yi min rana. Wata Juma'a na ajiye mota a layin bayan masallaci, ana sallamewa na fito na tarar da wurin wayam. Na buɗe waya hannu na rawa, sai ga ɗigon motar yana tafiya a titin Zariya, an nufi fita Kano da ita. Nan take na tura saƙon kashewa. Yadda abin yake, akwai ɗan makunni da mai wayarin ke haɗawa da wayar da ke kai wa famfon mai wuta. Saƙo na shiga sai ya yanke wutar, mai ya daina zuwa, injin ya mutu. Wasu ba sa yankewa sai gudu ya ragu, don kada a jawo hatsari, saboda haka kada hankalinka ya tashi in ka ga ɗigon bai tsaya nan da nan ba. Da 'yan sanda muka je, kai ma kada ka kuskura ka bi ɓarawo kai kaɗai. Muka same ta a gefen titi, ƙofa a buɗe, har sun fara kwance lambar baya, ƙusa ɗaya ta rage.

Makullin sitiyari kuwa, ga shi can a but yana tsatsa. Ɓarawo mai gaggawa in ya hango shi yakan wuce motar gaba, iyakar amfaninsa ke nan. Wanda ya zo da shiri sitiyarin yake yankawa da zarto ya zare shi.

Amma ka yi hattara da masu sa tirakar, don nan ake cin mutane. Tiraka da layin waya take aiki, wani zai sa maka da layin da aka yi wa rajista da sunansa, ya bar lambar wayarsa a matsayin mai iko da na'urar, ga shi ya san inda ya ɓoye ta. Ka zo da layinka, mai rajista da sunanka, haɗe da NIN ɗinka. Lokacin da aka rufe layukan da ba a haɗa da NIN ba a 2024, tirakar da ke kan irin wannan layi shiru ta yi, mai mota bai sani ba. Na'urorin da yawa kuma suna zuwa da lambar sirri ta kamfani, irin su 123456, a canja ta a gabanka. Ka tsaya a kansa har ya gama, kada ka bar masa makulli ka tafi cin abinci, kuma kada a sa ta ƙarƙashin sitiyari, nan ɓarawo ke fara laluba.

Tunda a rukunin gidaje kake, ku matsa wa kwamitin unguwa a riƙa ba da kati a get, motar da ba ta da kati maigadi ba zai ɗaga mata ƙarfe ba. 

Kafin ka biya kuɗin aiki, a kunna motar, ka tura saƙo daga wayarka ka ga ta mutu, ka sake turawa ta tashi. Sannan duk wata ka duba ko layin na da kuɗi da data.